Yadda muka sa wa jirginmu tsufa

Yara, kun san motar kara, kun san motar langalanga. Da wuya a samu wanda bai taɓa jan ɗaya da zare ba a cikinku. Bara, a darasin aikin hannu, ƴan aji biyar na makarantarmu ta Dawce suka ce su ba mota za su ƙera ba, jirgin ƙasa suke so. Suka tara gwangwanayen sardin da na tumatir, da marafan kwalba, da waya, da sillen kara. Bayan mako uku suka gama kan jirgi ɗaya da taragu biyar. Suka shafa musu fenti kore da ja. Jirgi ya fito yana ta ƙyalli.

Ran nan wani tsoho, maƙwabcin makaranta, ya zo wucewa. Ya haura shekara tamanin. A ƙuruciyarsa yaron mota ne, ya sha raka buhunan gyaɗa zuwa Kano. Yara suka gaishe shi, suka ce: «Kaka, zo ka ga jirginmu.»

Ya dogara sandarsa, ya sunkuya, ya daɗe yana dubawa. Sa'an nan ya ce: «Madalla, jikokina, hannunku ya iya. Amma wannan jirgi bai taɓa tafiya ba.»

Suka ce: «Ƙaƙa ka sani, Kaka?»

Ya ce: «Ba ƙura, ba hayaƙi, ba tsatsa. Wanda na gani a tashar Kano, in ka jingina da shi da farar riga, to, ranar sai wanki.»

Yara suka yi shiru, ransu bai so ba. Ni kuwa na yi murna, don Kaka ya ba mu sabon darasi. Ga abin da muka koya.

1. Jirgin da Kaka ya gani

A ƙasar Ingila aka soma jan kaya da mutane da jirgin ƙasa mai tururi, a shekarar 1825. Layin dogo ya iso Kano a 1911. Daga baya aka miƙa reshe ɗaya zuwa Ƙauran Namoda a 1929, wani kuma zuwa Nguru a 1930. Jirgi bai taɓa zuwa ƙasarmu ta Matameye ba, amma ya ɗauki gumin iyayenmu. A zamanin cinikin gyaɗa, manyan motoci ne ke kwasar gyaɗar Matameye da ta Magarya su kai Kano. Can ake tara buhuna a yi dalar gyaɗa. Daga nan jirgi ya ja su zuwa Ikko, bakin teku, tafiyar fiye da kilomita 1100.

Jiragen farko gawayin ƙasa suke ci, wanda ake haƙowa a Inugu. Ana hura wuta, ruwa ya tafasa, tururi ya tura ƙafafu. Shi ya sa suke da hayaƙi mai yawa. Daga baya aka kawo masu aiki da man gas.

A Nijar, an shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, wajen kilomita 140, amma ba a ci gaba da aiki da shi ba. A 2021 kuma aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara zai bi ta Kazaure, da Daura, da Katsina, da Jibiya. Daura kuwa ba ta da nisa da mu.

A ƙasashen Turai, ba yara kaɗai ke ƙera ƙananan jirage ba, har da manya masu furfura. A birnin Hambur na Jamus akwai wani gida mai suna Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe a 2001. A cikinsa akwai ƙananan jirage suna zagaya ƙananan garuruwa. Gwanayen wannan sana'a sun san abin da Kaka ya sani. In sun sayi sabon ɗan jirgi, sukan zauna su sa masa ƙura da tsatsa da hannunsu, don ya yi kama da na gaske.

2. Abubuwa huɗu masu tsofar da jirgi

Na farko, rana. Rana tana cin launi. Kun ga yadda zanen da aka daɗe ana shanyawa yake koɗewa. Haka fentin jirgi yake. Rufin tarago ya fi gefensa koɗewa, don shi ya fi shan rana. Jan fenti kuma yana saurin koɗewa.

Na biyu, ƙura. Ƙura iri biyu ce. Akwai wadda ƙafafun jirgi ke tayarwa, tana manne wa gindin tarago. Akwai kuma ta hunturu, fara-fara, wadda ke saukowa daga sama ta kwanta a rufi da kowane lungu.

Na uku, hayaƙi da mai. Hayaƙi yana fitowa daga bututu, iska ta mai da shi baya. Saboda haka baƙinsa ya fi yawa kusa da bututu, yana raguwa in an yi baya. Mai kuma yana ɗiga daga wurin da ƙarfe ke juyawa cikin ƙarfe. Ƙura ta same shi ta manne, ya zama baƙi mai danƙo.

Na huɗu, tsatsa. Ita ce babba, bari mu tsaya a kanta.

Tsatsa ba datti ba ce da ke faɗowa kan ƙarfe daga wani wuri. Ƙarfen ne da kansa yake sakewa. A cikin iskar da muke shaƙa akwai wani sashe da ake kira okisijan. In an raba iska kashi 5, wajen kashi 1 okisijan ne. In ƙarfe ya jiƙe, okisijan sai ya haɗu da shi, su zama wani sabon abu ja mai gari. Wannan ita ce tsatsa. Ke nan abu uku take bukata: ƙarfe, da ruwa ko laima, da iska. In an hana ɗaya, ba ta samuwa. Shi ya sa ake shafa wa ƙarfe fenti ko mai, don a raba shi da ruwa da iska. Gishiri kuwa yana ƙara mata sauri.

Ga wani abin mamaki. Jar ƙasar da ake zubawa a hanya, abin da ya sa ta ja, ɗan'uwan tsatsa ne. Akwai ƙarfe a cikinta wanda ya haɗu da okisijan tun da daɗewa. Kakanninmu maƙera daga duwatsu masu ƙarfe suke narkar da tama.

Mun yi gwaji a aji. Muka samo ƙusa huɗu, muka goge su da rairayi har suka yi haske. Ta farko muka sa ta cikin busasshiyar kwalba muka toshe. Ta biyu muka tsoma rabinta cikin ruwa. Ta uku muka tsoma rabinta cikin ruwan gishiri. Ta huɗu muka shafe ta da man kaɗe kafin mu sa ta a ruwa. Bayan kwana 7 muka duba. Ta farko tana nan yadda take. Ta biyu da ta uku sun yi ja, har ruwansu ya rine. Ta huɗu kuwa ɗan tabo kawai ta yi, a inda mai bai rufe da kyau ba.

3. Mu fita mu duba

Ba mu da jirgin ƙasa a Dawce. To, ina za mu ga yadda tsufa ke kama ƙarfe? Ai ba sai mun je Kano ba. Muka ɗauki allo da alli muka zaga gari. Kowa aka ce ya zana abin da idonsa ya gani, kada ya zana abin da yake tsammani.

A jikin amalanke muka ga tsatsa ta fi yawa a kan ƙusoshi da inda aka yi walda. A ƙyauren kwano muka ga tsatsa ta gangaro daga kowace ƙusa, ta bar layi kamar hawaye. Layin yana da kauri a sama, yana siriri a ƙasa, don ruwan sama ne ya jawo shi. A wurin injin niƙa muka ga bango ya yi baƙi kusa da bututun hayaƙi. Wani ɗalibi da ya raka babansa tashar motar Matameye ya dawo da labari. Ya ce tsohuwar babbar mota, gindinta ja wur da ƙura, amma mariƙin ƙofarta da matakalarta suna ƙyalli.

Na tambaye su dalili. Wata ɗaliba ta ce: «Malam, don kullum ana taɓa su.» Gaskiyarta. Inda hannu ko ƙafa ke gogawa kullum, tsatsa ba ta samun zama. Haka dogo yake. Gefensa ja ne da tsatsa, amma bisansa yana walƙiya, don ƙafafun jirgi suna goge shi. In kun ga dogon da bisansa ma ya yi tsatsa, ku sani jirgi ya daɗe bai bi ta nan ba.

Ke nan kowane tabo yana da dalili. Wanda ya san dalilin, shi ya san inda zai sa tabon.

4. Ɗan lissafi kafin aiki

Masu ƙananan jirage a Turai sun fi amfani da ma'aunin 1 bisa 87. Ma'ana, jirgin gaske ya ninka ɗan ƙaramin sau 87. Mu mun zaɓi 1 bisa 100, don ya fi sauƙin lissafi: santimita 1 a jirginmu daidai take da mita 1 a jirgin gaske. Tarago mai tsawon mita 11 zai zama santimita 11, kusan tsawon gwangwanin sardin. Mutum kuwa ba zai kai santimita 2 ba.

To, ku lura da kyau. In ka dangwala tsatsa da babban yatsanka, tabon zai kai santimita 2. A jirgin gaske, wannan tabo mita 2 ke nan, ya fi mutum tsawo! Kun taɓa ganin irinsa? Saboda haka komai sai ya zama ƙanƙane: tabo ƙanƙane, layi siriri, ƙura mai laushi kamar garin tuwo. Ƙwayar rairayi ɗaya a jikin jirginmu, dutse ce kamar dunƙulen hannu.

5. Kayan aiki

Ba mu sayi komai a kasuwa ba. Ga abin da muka tara:

Jar ƙasa da farar ƙasa, an daka, an tankaɗe da ƙyalle.
Toka mai laushi da garin alli.
Garin gawayi da baƙin gindin tukunya.
Garin tsatsa, wanda muka kankaro daga tsohon ƙarfe muka niƙa a kan dutse.
Ƙaro, irin wanda ake sa wa tawada. Shi ne ke riƙe launi.
Asuwaki da aka tattauna bakinsa, da gashin kaza, da tsinke, da tsumma.
Bagaruwa, da tsamiya, da gishiri, da ganyen shayi.

Ku kuma san gwangwaninku. Na tumatir da yawancin na sardin, ƙarfe ne da aka lulluɓe da kuza da ɗan fenti don kada ya yi tsatsa. Na lemo kuwa yawanci alminiyom ne, irin wanda ake narkarwa a zuba tukwane. Alminiyom ba ya jar tsatsa ko ya shekara cikin ruwa. In kuna shakka, ku kawo maganaɗisu: yana kama ƙarfe, ba ya kama alminiyom.

6. Aikin, daki-daki

Mataki na 1: a kashe ƙyalli. A goge jikin tarago da jiƙaƙƙiyar toka da tsumma, a hankali, har fenti ya daina walƙiya. A gefuna da kusurwoyi a ɗan ƙara gogawa da rairayi, har ƙarfe ya leƙo. A jiki mai santsi launi ba ya kamawa.

Mataki na 2: a sa tsatsa. Hanya biyu ce. In gwangwanin ƙarfe ne, a ɗiga ruwan tsamiya da gishiri a wuraren da aka kankare, a ajiye a inuwa, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Cikin ƴan kwanaki tsatsar gaske za ta fito. In ta isa, a wanke da ruwa mai kyau a shanya, in ba haka ba za ta ci gaba da cin gwangwanin har ya huje. In alminiyom ne, a dama garin tsatsa da ruwan ƙaro, a ɗiga da bakin tsinke. Kafin ya bushe, a ja shi ƙasa da gashin kaza. Kullum daga sama zuwa ƙasa, yadda ruwan sama ke gangarowa.

Mataki na 3: a fito da lunguna. A dama ɗan garin gawayi cikin ruwan ƙaro, ya yi tsarara kamar ruwan wanke allo. A shafe tarago duka. Ruwan zai gudu ya taru a tsagogi da gindin waya. Sai a share sarari da tsumma, a bar na lungu. Nan take za ku ga jirgi ya yi nauyi a ido.

Mataki na 4: a sa ƙura. A shafa ruwan ƙaro kaɗan a gindin tarago da ƙafafu. A taɓa jar ƙasa da busasshen asuwaki, a karkaɗe shi har ya kusa ƙarewa, sa'an nan a goga daga ƙasa zuwa sama. Kada ƙura ta wuce rabin tarago.

Mataki na 5: a koɗar da rufi. A shafa toka ko garin alli da yatsa, a hure saura.

Mataki na 6: hayaƙi da mai. A sa baƙin tukunya a bakin bututu da bayansa, da yawa a kan jirgi, kaɗan a tarago na farko, ƙasa da haka a na biyu. A cibiyar kowace ƙafa a ɗiga baƙin tukunya da ƙaro mai kauri. In ya bushe zai yi ɗan sheƙi kamar mai.

Mataki na 7: kara da buhuna. Sabon sille fari ne, tsohon katako kuwa toka-toka ne. A jiƙa bagaruwa ta kwana, a shafa ruwanta a kan kara. In ya bushe, a bi shi da ruwan tsamiyar da tsofaffin ƙusoshi suka kwana biyu a ciki. Kara zai yi duhu a gabanku. Ruwan bagaruwa ne ya haɗu da ƙarfe. Dukawa sun daɗe da sanin wannan dabara, da ita suke baƙanta fata. Buhunan gyaɗa kuwa, mun ɗinka su da guntayen ƙyalle, muka tsoma cikin shayi, muka cika da rairayi.

Dokoki uku ne a wannan aiki. A sa kaɗan kaɗan, don ƙari ya fi ragi sauƙi. A jira mataki ya bushe kafin a shiga na gaba. Kada a yi taragu biyu iri ɗaya, don ba rana ɗaya aka ƙera su ba, ba hanya ɗaya suka bi ba. Rukuni na uku sun manta da dokar farko. Suka zuba wa taragonsu jar ƙasa har ya zama kamar tubali. Sai da suka wanke shi suka sake daga fari.

7. A kiyaye

Bakin gwangwani yana da kaifi. A lanƙwasa shi ciki, a bubbuge da dutse kafin a soma aiki. In wani ya yanke, ya wanke ciwon da ruwa da sabulu, ya gaya wa malam, a kai shi gidan likita. Akwai ciwon da ake kira tetanos, mai sandarar da jiki ya datse haƙora. Mutane suna cewa tsatsa ce ke kawo shi. Ba ita ba ce. Wata ƙwayar cuta ce da ke zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana shiga jiki ta rauni. Tsohon ƙarfen da ya daɗe a ƙasa yakan ɗauko ta. Allurar rigakafi tana kare mutum daga gare shi.

Kada a hura gari wajen idon wani. A wanke hannu kafin a ci abinci.

Akwai kuma kiyayewa ta hali. Wasu sukan sa wa sabon abu tsufa don su sayar wa baƙo, su ce kayan kakanni ne. Wannan zamba ce. Mu in an tambaye mu, sai mu ce: «Bara muka ƙera shi, mu muka sa masa tsufa.»

8. Kaka ya dawo

Da muka gama, yara suka je har gida suka kira Kaka. Ya zo ya sunkuya kamar wancan karo. Ya bi taragu ɗaya bayan ɗaya da ido. Ya sa yatsa ya taɓa buhunan. Sa'an nan ya ce: «Yauwa! Wannan kam ya je Ikko ya dawo.» Ya zauna a gindin bedi, ya ba mu labarin tashar Kano har aka kaɗa ƙararrawar tashi.

Bayan kwana biyu, wani ɗalibi ya ce mini: «Malam, na shigar da garmar babana cikin zaure, na shafa mata mai. Tun ƙarshen damina take waje.» Wanda ya koyi yadda ake kiran tsatsa, ya koyi yadda ake korarta.

Mu riƙe

Rana, da ƙura, da hayaƙi, da tsatsa su ke tsofar da jirgi.
Tsatsa tana bukatar ƙarfe, da ruwa, da iska.
Tsatsa tana gangarowa daga sama, ƙurar hanya tana hawa daga ƙasa.
A duba da kyau kafin a sa hannu.

Tambayoyi

1. Me ya sa Kaka ya ce jirgin bai taɓa tafiya ba?
2. A wace shekara dogo ya iso Kano? Shekara nawa ke nan zuwa bana?
3. Ta wace hanya gyaɗar Matameye take isa bakin teku a da?
4. Don me ƙusa ta huɗu ba ta yi tsatsa sosai ba?
5. Ƙaƙa za ka gane dogon da jirgi ya daina bi?
6. A ma'aunin 1 bisa 100, kan jirgi mai tsawon mita 18 santimita nawa zai zama?

Aiki

Ku nemi abu uku na ƙarfe a gidanku. Ku zana kowanne, ku nuna inda ya yi tsatsa da inda yake ƙyalli, ku rubuta dalili da Hausa. Ku nemi sunayen abubuwan da Faransanci, ku rubuta a gefe. Ku tambayi wani tsoho na unguwarku ko ya taɓa ganin jirgin ƙasa, ku kawo labarinsa aji.